Karatun Wanke Kwalabe, In Ji Majalisar Masu Shakka

Majalisar masu shakka! Gaisuwa daga Damazin zuwa Rusairis, daga Mai Wurno har kambunan Jazira a nan Sudan. Ku gyara zama, mai shayi ta ƙaro gawayi, yau da ku nake. Labari ya iso mini cewa duk inda aka ce wani yaro ko wata yarinya daga cikinmu za su koma jami'a su yi majistir, digiri na biyu, ta hanyar bincike a fannin bayokemistiri, wato ilimin sinadaran da ke aiki a jikin mai rai, sai ku dubi juna ku yi murmushin nan naku na manya. Har suna kun raɗa wa abin: karatun wanke kwalabe. Wai yaro ya gama digirin farko, an yanka rago, an yi guɗa, maimakon ya kama aiki ya fara kawo cefane, sai ya ce zai ƙara shekara biyu ko uku yana ɗiga ruwa a cikin ruwa.

Na ji. Zan bi ku ɗaya bayan ɗaya, kuma kun san ni, furfura girmama ta nake yi, ba tsoronta ba.

Da kai zan fara, Baba Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya. Tambayarka ba ta tsufa: "Zai yi allura? Zai rubuta magani? To in ba zai yi ba, wane irin likita ne?" Ba likita ba ne, Baba, bai kuma ce shi likita ba ne. Amma ai ka sha zuwa asibiti likita ya duba ka sama da ƙasa, ya ce ba zai rubuta komai ba sai ka je ma'amal, ɗakin gwaji, an ɗebi jininka. Ka dawo da 'yar takarda mai lambobi, ya ƙura mata ido fiye da yadda ya ƙura maka. Wa ya gano abin da za a auna? Wa ya san lambar gaskiya ce ko sinadarin gwajin ne ya lalace a hanya? Waɗannan masu kwalaben da kake yi wa dariya.

Ɗauki amosanin jini, wanda da wuya ka sami dangi a cikinmu da ba su san shi ba. Da can wasu sun ce iska ce, wasu sun ce sanyi ne ya shiga ƙashi. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa aibin yana cikin himogulobin, furotin ɗin da ke dakon iskar numfashi a jini. Tsakanin 1956 da 1957 Vernon Ingram a Ingila ya gano cewa amino asid guda ɗaya tak ya sauya. Yau an san shi ne na shida a jerin 146. Wannan guda ɗayan shi ke lanƙwasa ƙwayar jini ta toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kukan gaɓoɓi, uwa ta kwana a tsaye. A ma'amal, ana ɗiga jinin da aka narkar a kan wata siririyar takarda mai laima, a jona mata wuta. Kafin ka gama shan shayi layuka sun ware: A ya yi gaba, S ya tsaya a baya. In saurayi ya fito da layi biyu, budurwa ma layi biyu, to kowane ciki da za ta ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar. Jihar Kano ma ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Kai da kake aurar da jikoki duk bayan kaka, Baba, da ka sami mai karanta waɗannan layukan a cikin gida, ai riba ka ci.

Sai kai Kawu, mai awon ƙaro. Kai ka ce ba ka ga abin da karatun zai saya ba. Madalla, mu yi zancen ciniki. Kafin yaƙin 2023, wajen kashi 70 cikin 100 na ƙaron da duniya ke saye daga Sudan yake fita, na itacen hashab da na talha. Lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, ƙaro ta bar wa ƙofa, don masu lemon kwalba da masu alewa da masu haɗa magunguna ba za su iya yi ban da shi ba. Kai kana sayar da shi ɗanye, da ɓawon itace da yashi a jiki. Kamfanoni irin su Nexira da Alland & Robert a Faransa su narkar, su tace, su busar ya zama gari, su auna danƙonsa da furotin ɗin cikinsa, su sayar da tsada. Bambancin farashinka da nasu, Kawu, rabinsa inji ne, rabinsa kuwa mutumin da ya san abin da ke cikin ƙwallon ƙaron. Shekara da shekaru kana ɗaga shi a rana kana cewa "wannan mai kyau ne", amma in mai saye ya ce bai kai ba, da me za ka ƙaryata shi? Da rantsuwa?

Ƙaron nan ma bai tsaya a lemo ba. A 2015 Lamis Kaddam ta Jami'ar Nilain da abokan aikinta a Khartum suka wallafa wani bincike: masu amosanin jini 47 sun sha giram 30 na ƙaro kullum har mako 12, aka ga himogulobin irin na jarirai ya ƙaru a jininsu, wanda shi ne ke rage lanƙwashewar ƙwayoyin jini. Dalilin da suka kawo shi ne ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji suna ruɓar da ƙaron su fitar da wani sinadari da ake kira butiret, shi kuma yana tayar da wancan himogulobin ɗin. Tsaya, Gwaggo, kada ki ruga kasuwa. Mutum 47 ba su da yawa, kuma ba a ware wani rukuni da bai sha ba don a kwatanta. Bai zama magani ba, bai kuma maye gurbin asibiti ba. Ƙofa ce aka buɗe, ana jiran wanda zai shiga ya ƙarasa awon. Itacen yana bayan gidanmu, marasa lafiyar 'ya'yanmu ne, amma kun fi so ɗan wani gari ya zo ya yi, mu kuma mu riƙe masa jaka.

Na lura yawancinku ba ku san me ake yi a cikin shekarun nan ba, kuna zaton hutu ne da fanka. Majistir iri biyu ne. Akwai na darussa: ka zauna a aji, ka rubuta jarrabawa, ka haɗa ɗan ƙaramin bincike, ka karɓi takarda. Akwai kuma na bincike, inda babu wanda zai ba ka amsa domin babu wanda ya san ta. Ɗalibi zai nemo tambaya guda, ƙarama, mai iyaka. Zai rubuta tsarin yadda zai bi ta, ya kai gaban kwamiti. In jinin mutane zai taɓa sai kwamitin ɗa'a ya amince, sai kuma kowane mutum ya yarda da bakinsa. Sannan ya shiga ƙauye da akwatin ƙanƙara, ya yi ta bayani ga mai unguwa da liman cewa ba sayar da jinin zai yi ba, domin ku ɗin nan masu shakka ku ne za ku fara yaɗa cewa matsafi ne.

Ya dawo, ya sa kwalaben jini a injin da ke wulwula su har jan ya kwanta ƙasa, ruwan ɗorawa ya taso sama. Ya zuƙi ruwan da bututun awo, ɗigon da bai kai hawaye ba, ya rubuta lamba a jikin kowace kwalba, ya jera a firiza mai sanyin 20 ƙasa da sifili. Daga nan rayuwarsa ta rataya a wayar lantarki. Ga madatsar Rusairis muna kallonta tun 1966, an ma ƙara mata tsawon mita 10 aka gama a 2013, amma wuta ba ta yi wa kowa alkawari ba. In ta ɗauke da dare janareto ya ƙi tashi, aikin wata shida ya narke. Sinadaran gwaji da dala ake sayensu, kuɗin aljihunsa kuwa jinen Sudan ne. Kowane awo sai ya maimaita sau uku, in ukun suka saɓa ya koma farko. Wanke kwalaben ma gaskiyarku ne, yana wankewa, da ruwan da aka tace, domin ragowar sabulu kaɗan ta isa ta sa lamba ta yi ƙarya.

A kansa kuma akwai mushrif, malamin da ke duba aikin. Mushrif uwar miji ce: in ka yi daidai ta yi shiru, in ka kuskure ta kira sunanka har maƙwabta su ji, amma ranar da baƙi suka zo ita ce mai kare ka. Baƙin su ne masu jarrabawa, ciki har da na wata jami'a, ranar munaƙasha, wato ranar kare kundi. Za su buɗe kundin shafi-shafi su tambaye shi me ya sa ya ɗauki mutum kaza bai ɗauki kaza ba. Wani lokaci duk wahalar nan amsar da za ta fito ita ce: abin da muka zata ba haka yake ba. Ku a wajenku asara ce. A wajensu sakamako ne, don an rufe wa na baya hanyar ɓata.

Mai agashe, mai tsiren nan, na ga kana ta fifita wuta kamar ba da kai ake ba. Matso. Sana'arka ta tsaya a kan gyaɗa, haka ta mata masu tuyar ƙuli da masu niƙa dakwa. Gyaɗar da aka tara da laima, ko fari ya kama ta a gona, tana yin wani fumfuna mai fitar da guba, afalatoksin. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, kuma wutarka ba ta kashe ta. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A Kenya a 2004 ta kashe mutum 125 ta hanyar masara. Wanda yake cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru hantarsa take ci, musamman in yana ɗauke da cutar hanta nau'in B. A nan Sudan ma an yi binciken da ya danganta yawan cin dakwar da aka adana da laima da sankarar hanta. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci in gubar ta wuce maikurogiram 4 a kilo, abin da idonka ba zai taɓa gani ba ko da tabarau goma ka ɗora. Ɗalibin nan kuwa zai niƙa gyaɗar, ya tatso ruwanta, ya ɗiga a kan faranti, ya kashe fitila ya kunna wata mai haske na musamman. In gubar tana nan, ɗigon zai yi ƙyalli shuɗi a cikin duhu. Tambayar majistir guda ke nan a gabanka: gyaɗar da ake shanyawa a ƙasa da wadda ake shanyawa a kan tabarma ko rumfa, wacce ta fi guba a kasuwar Damazin, kuma a wane wata? Amsar za ta amfane ka fiye da sabon yajin da kake ɓoye wa abokan sana'a.

Ku kuma samarin da ba ku karya kumallo sai da waken ful, akwai naku. Mutane kimanin miliyan 400 a duniya an haife su da ƙarancin wani sinadari mai kare ƙwayar jini, G6PD, kuma maza ya fi kamawa. Wasu daga cikinsu in suka ci ful, ko suka sha wasu magunguna irin su firimakwin na zazzaɓin cizon sauro, jininsu fashewa yake yi: ido ya yi shawara, fitsari ya yi duhu. Lalle a jikin jariri mai wannan rauni ma yana iya jawo haka, Gwaggo, kin ji. Mutum nawa ne a ƙauyukanmu ke da shi? Sai an auna. Ga kuma 'yar na'urar gwajin maleriya da ake ɗiga wa jini a jira layi. Yawancinsu wani furotin suke nema mai suna HRP2. A maƙwabciyarmu Eritiriya an gano ƙwayar cutar ta daina yin furotin ɗin, gwaji yana cewa lafiya lau alhali mutum yana kakkarwa, har a 2016 ƙasar ta sauya irin na'urar da take amfani da ita. Sauro ba ya tsayawa a shingen kan iyaka. Wanda zai gane ranar da abin ya iso bakin Shuɗin Nilu ba mai gardama a inuwa ba ne.

Gwaggo, na san abin da ke cin ki ba kimiyya ba ce. Ke dai yarinya tana girma, sa'o'inta sun yi ɗaki. To wa ya ce miki majistir yana hana ɗaurin aure? Mata nawa suka kare kundinsu da goyo? Ki dai tambayi mai neman ko zai bar ta ta gama. In ya yi tsaki tun yanzu, kin sami sakamakon gwaji kyauta, ba kwalba ba firiza.

Akwai ɗaya a cikinku da bai yi dariya ba tun da na fara, shi kuwa zan ajiye wasa in amsa masa. Ya ce: ana yaƙi kana zancen kwalabe? Gaskiyarka, Malam. Tun 15 ga Afrilu 2023 ƙasar nan ba ta zauna ba. A watan farko Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan mamaye babban ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa a Khartum. Madani, mazaunin Jami'ar Jazira tun 1975 da Hukumar Binciken Noma, ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, sojoji ba su karɓe ta ba sai Janairu 2025, kuma an wawushe kayan bincike. Sinja ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024, hanyar Damazin ta yanke har zuwa Nuwamba. Cibiyar binciken cutar madura da Farfesa Ahmed Hassan Fahal ya kafa a Soba a 1991, wadda manoman Jazira da Sinnar masu kumburin ƙafa daga sukar ƙaya suka dogara da ita, ita ma an lalata ta. Mu nan kuma ba mu manta da rikicin Yulin 2022 ba, da abin da ya biyo baya a Wad al-Mahi a Oktoba.

Amma duba abin da masu binciken suka yi. Ma'aikatan rumbun irin shuka na Madani sun tattara abin da ya tsira, a Fabrairun 2025 aka kai irin dawa da gero na Sudan ajiya a Svalbard, can ƙarshen arewacin Norway. Inji ana sace shi, ana kuma sake saye. Mutumin da ya san yadda ake aiki da shi kuwa shekaru ake yi ana gina shi, kuma in aka jira sai komai ya lafa kafin a fara, ranar da aka buɗe ɗakunan gwajin babu mai shiga. In Khartum da Madani ba su gama farfaɗowa ba, akwai Alƙahira, akwai Kano, akwai Zariya. A Jami'ar Ahmadu Bello ne marigayi Farfesa Andrew Nok ya yi aikinsa kan sinadarin da ƙwayar sammore ke amfani da shi tana cinye jinin dabba, har ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2009. Yaronmu in ya sauka can ba ya buƙatar tafinta a kasuwa. Kuna cewa nisa, kuna cewa shekara uku ta yi yawa. Kakanninku bayan yaƙin Burmi a 1903 da ƙafa suka taso, da mata da yara da allunan karatu, sai wajen 1906 Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Jikokin waɗannan ne yau ke jin tsoron tikitin mota?

Saura mai cewa in sun tafi ba sa dawowa. Wasu ba za su dawo ba, Saudiyya da Ƙatar suna biya, ba zan yi muku ƙarya ba. Ba zan kuma ce karatun nan hanyar kuɗi ba ce, mai tonon zinariya in ya dace ya fi shi a wata guda. Abin da yake bayarwa shi ne aiki a ɗakin gwajin asibiti, ko hukumar kula da ingancin kaya, ko masana'antar sukari irin ta Kenana, ko koyarwa a Jami'ar Shuɗin Nilu da ke nan Damazin tun 1995, ko hanyar digirin dakta. Wanda kuwa tambayarsa ta fito daga gyaɗar garinsu da jinin danginsa, ko yana ina sai ya waiwayo, don a nan samfurinsa yake.

Ku ma ɗalibai kada ku yi ta tafi kuna cewa na rama muku. Na san wasunku. Akwai mai son majistir don kawai a daina tambayarsa ina aiki. Akwai mai kwafo kundin wani daga intanet ya sauya sunan gari. Akwai wanda zai jiƙa ganye a kwalba ya rubuta cewa yana maganin cuta goma sha biyu, bai gwada ko ɗaya yadda ya kamata ba. Irinku ne kuka ba majalisar nan abin faɗa. Kafin ka biya kuɗin rajista, ka je ka ga ɗakin gwajin da idonka, ka tambaya ko injinan suna aiki, ka tambayi tsofaffin ɗaliban mushrif ɗin shekara nawa suka yi a hannunsa. Kuma in ba za ka iya bayyana wa kakarka tambayarka da Hausa ta gane ba, ba ka gama fahimtarta ba tukuna.

To majalisa, ga shawara, tun da ku mutanen ciniki ne. Kaka in ta yi, riɗi ya shiga buhu, kowa ya ware ɗan abin da ya sawwaƙa a haɗa wa ɗalibi guda kuɗin sinadarai da man janareto. Sharaɗi ɗaya: in ya gama ya zo nan gindin bishiya ya faɗa muku abin da ya samu, ku yi masa tambayoyin nan naku masu ƙaya. Wanda ya tsira daga bakinku, babu farfesan da zai kayar da shi. Ranar munaƙasha kuwa ku zo da wuri, kujerun gaba naku ne. Baba Alhaji, na san kai za ka fi kowa ɗaga murya kana cewa "jikata ce, ni na ce ta yi". Ba komai, ba za mu tona ba. Ka dai bari masu jarrabawa su gama kafin ka fara rabon dabino.